Na Ji Ƙarfen Ya Ja Ni, Na Yi Shiru

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karanta wannan shafi. A lokacin da abin da zan faɗa ya faru, ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina aikin rubuce-rubuce a wani ofishin gwamnati, kuma ni ne auta a gidanmu da ke Fagge. Kakanninmu daga Borno suka zo da fatauci suka zauna, har ya zama ba abin da ya rage mana na can sai turaren wuta da ɗinkin hula. Ni kuwa tun ina ƙarami hannuna ba ya zama wuri ɗaya. Duk rediyon da ya shigo gidanmu sai na ga hanjinsa, kuma ba kasafai yake sake magana ba bayan na mayar da shi. Na sha duka a kan haka, amma hali zanen dutse ne. Da na girma na fara ɗaukar albashi sai ƙarambanin ya koma kan fitilun ado, irin ƙananan nan masu launi-launi da ake jerawa a jikin waya suna kamawa suna mutuwa. Ban taɓa zama gaban wani mai gyaran wuta na koya ba. Malamina shi ne bidiyon da nake kallo a waya, shi ɗin ma rabi nake kallo in ce na gane.

Abin ya fara ne daga ɗakina, sai ƙofar gida lokacin Mauludi, sai bikin wani abokina, kafin ka ce kwabo duk layinmu an san ni. Ko sisi ba na karɓa, yabo kawai nake ci, kuma wallahi yana ƙosar da ni. Mutanen unguwa suka laƙaba mini Injiniya, na amsa ba kunya, har nakan ji haushi idan wani ya kira ni Malam. Ga yadda nake aikin kuwa. Da haƙori nake fere waya, in murɗe biyu wuri ɗaya, in naɗe su da farin salatif irin na liƙe ambulan. Idan fis ya ƙone sai in cusa masa waya mai kauri don ya daina damuna. Idan babu filogi sai in tura tsirarar waya cikin soket in danne ta da tsinken ashana. Shekara uku ina haka ba abin da ya faru, sai na ɗauka iyawa ce, ashe Allah ne kawai yake rufa mini asiri.

Mu biyu muka rage wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna: ni da yayata mace da ta girme ni da shekara tara. Yaya ita ta goye ni. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta uku, kuma da allura take riƙe da su. Ɗinkin hula take yi irin na gado, hula ɗaya takan cinye mata wata guda, amma duk wadda ta fito daga hannunta ba ta kwana a kasuwa. Ita kaɗai ce a gidan ba ta kirana Injiniya, sai dai auta, kuma kullum cikin tsokanata take, wai ranar da na shirya ƙone gidan in yi haƙuri ta fitar da zarenta tukuna. To, ana nan sai Inna, da shekarunta sittin da ɗoriya da ciwon gwiwarta, ta sauke Alƙur'ani a Islamiyyar matan aure da ta yi shekaru tana rarrafawa tana zuwa. Muka ce lallai sai an yi walima. Aka sa aka yi mata allon zayyana kamar yadda ake yi wa duk wanda ya yi sauka a gidanmu. Yaya ta ɗauki girki da karɓar baƙi, ta kuma fara ɗinka mini wata hula shuɗiya, ta ce tukwicina ke nan idan na yi wa Inna ado mai kyau. Ni kuwa na rantse a raina sai na yi abin da Fagge ba ta taɓa gani ba.

Saura kwana uku na shiga Kasuwar Sabon Gari, layin masu kayan wuta, wurin wani dattijon Ibo da na saba saye a hannunsa. Haifaffen Kano ne, Hausa ta zauna a bakinsa fiye da yadda ta zauna a nawa. Ya tambaye ni ina zan ɗaura wannan uban fitilu, na ce a jikin rumfar ƙarfe ta haya, a tsakar gida. Sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. Ya ce kada in kuskura in naɗa fitilun da ke shan wuta kai tsaye daga soket a jikin ƙarfe, a inda mutane za su yi ta dafawa. Ya nuna mini wasu masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda wutarsu ke bi ta wani ɗan akwati kamar cajar waya, ya ce su aka yi don irin wannan. Idan kuma na nace, to ga wata na'ura da ake sawa kafin soket, da zarar wuta ta zurare ta bi ƙarfe ko jikin mutum sai ta yanke da kanta. Na yi dariya na ce masa Oga dai ciniki yake nema, ai ni ba yau na fara ba, kuma waɗancan ƙananan haskensu bai kai inda nake so ba. Ya girgiza kai ya ce shi dai ya faɗa, amma in sani wuta ba ta san Injiniya ba. Na cika leda biyu da waɗanda raina yake so na yi gaba, ko baƙin salatif ɗin wuta da ya miƙo mini ban karɓa ba.

Ranar walima tun da safe masu haya suka kafa rumfa mai ƙafa shida. Na naɗe kowace ƙafa da fitilu daga sama har ƙasa, na ɗaɗɗaure su tamau da siririyar wayar ƙarfe don kada su zame. Na yi wata da tauraro a saman inda Inna za ta zauna, na lanƙwasa waya na rubuta barka da sauka. Sannan na yi wani abu da har yau yake ci mini rai. Walimar mata a wajenmu bayan la'asar ake yin ta, a watse kafin magariba. To amma wa zai ga kyan fitila da rana tsaka? Sai na shiga roƙon Inna a jinkirta karatun allo zuwa bayan sallar magariba. Yaya ta ce ba za a yi haka ba, mata suna da girki da yara a gidajensu. Na yi ta shagwaɓar auta, da gemuna da komai, har Inna ta ce a ƙyale ni, ai yaron nan ya sha wahala tun safe.

Wajen azahar aka kawo wuta, na yi maza na kunna don gwaji. Komai ya kama. Ina zagaya rumfar ina yaba wa kaina, sai na dafa ƙafar da ke kusa da famfo. Nan take na ji wani zirr ya bi yatsuna har gwiwar hannu, kamar an caka mini allurai. Na fizge hannun na sa yatsa a baki. Rana ta gasa siminti ya bushe ƙayau, ga silifas na roba a ƙafata, shi ya sa abin ya tsaya iya nan. Edita, ba zan yi maka ƙarya in ce ban san ma'anar wannan ba. Na sani sarai wata waya ta tsiraice tana taɓa ƙarfen. Gyaran gaskiya shi ne in kwance komai in bi waya ɗaya bayan ɗaya, aikin da zai ci awa uku, ga baƙi sun kusa fara zuwa. Na waiga, ban ga kowa yana kallona ba. Sai na kashe, na zaɓi wani haɗi da na ga bai yi mini ba, na ƙara masa salatif. Ina shirin sake gwadawa aka ɗauke wuta. Akwai janareta a zaure, da testar gwada wuta a aljihuna, aikin minti biyu ne in tabbatar. Ban yi ba, don ina tsoron abin da testar za ta gaya mini. Na ce wa kaina ai na gyara, na tafi na yi wanka.

Mata suka cika gida, aka shimfiɗa tabarmi, kowacce ta tuɓe takalminta a bakin ƙofa kamar yadda aka saba. Saboda zafin bazara aka yayyafa wa tsakar gida ruwa, da aka kira magariba kuma suka yi layi a famfo suna alwala, har ruwa ya kwanta a gindin ƙafar rumfar nan. Na dawo daga masallaci na tayar da janareta, na tsaya a zaure ina leƙe ta labule. Inna tana zaune cikin fararen kaya, allonta a hannu. Na danna makunni. Gida ya haskake, guɗa ta tashi, na ji ana ta sa mini albarka, kuma wallahi a wannan lokacin na manta da wani zirr. Yaya ce ta ƙarshe a wurin alwala, don girki ya riƙe ta. Ta miƙe hannu jiƙe, ƙafa ba takalmi, santsi ya ɗan kwashe ta, sai ta kai hannun dama ta kama ƙarfen. Ko ihu ba ta yi ba. Jikinta ya sandare yana karkarwa, hannun ya damƙe ƙarfen ya ƙi saki. Wata a cikin matan ta ce iska ce ta taɓa ta, a kawo turare. Ni kaɗai na san ko mene ne, janareta yana bayana taku biyu, amma na tsaya ina kallo. Inna ce ta zabura, ita da ba ta iya tashi sai an kama ta, ta ɗaga allon nan ta maka wa hannun Yaya da iya ƙarfinta. Yaya ta faɗi gefe, allon ya tsage tun daga sama har tsakiya. Sai a lokacin na juya na kashe janaretan.

Allah ya yi da sauran kwananta. A asibiti likita ya ce da ta ƙara ɗan lokaci a jikin ƙarfen da sai dai wani zancen, kuma da Inna ta kai hannunta maimakon busasshen katako, da mutum biyu za a kwasa. Amma tafin hannun ya ƙone har ciki, jijiyoyin babban yatsa da manuniya sun taɓu, ƙashin tsintsiyar hannu kuma ya tsage a inda allon ya sauka. Aka yi aiki, aka yi ta gashi wata da watanni. Ƙashi ya haɗe, ƙuna ta warke, amma yatsun nan biyu suka ƙi lanƙwasuwa. Kuma da su ake riƙe allura.

Masu zuwa dubiya suka yanke hukuncinsu, wasu suka ce ƙaddara ce, wasu suka ce janareta ne ya turo wuta fiye da kima. Har jaje ake yi mini, wai Injiniya kada in sa abin a raina, ai alheri na yi niyya. Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce haka Allah ya so. Alhali washegarin walimar, kafin masu rumfa su zo, na kwance fitilun na ga wurin da idona: wayar ƙarfen da na ɗaure da ita ce ta yanke robar jikin wayar fitilun, nesa da inda na ƙara salatif. Na cusa komai a buhu na jefar a bola. Abin da ban yi tsammani ba shi ne Inna ta ɗauki laifin ta ɗora a kanta. Ta riƙa cewa ita ta karya hannun 'yarta, ita ta yarda aka ja lokaci, tsohuwa da ita me ya kai ta yin walima in ba son a sani ba. Ta jingina tsagaggen allon a bayan gado, ta daina zuwa makaranta, ta daina karatun da takan yi da hantsi. Ina ji ina gani tana ramewa, bakina ya ƙi buɗuwa.

Wata bakwai na yi ba ni da sukuni. Na kasa zama a ofis, na kasa zama a gida. Idan na tashi aiki sai in kama tafiya ba inda za ni, in bi ta Kwaciri in ɓulla Bata, in tsaya cikin hayaniyar 'yan kasuwa kamar mai jiran wani, in sake miƙewa. Abinci ba ya yi mini daɗi, matata ta yi tambaya har ta gaji. Duk shagon da na ga an yi masa ado da ƙananan fitilu sai in tsallaka titi. Na riƙa kai wa Yaya kayan cefane fiye da abin da take buƙata, in ajiye a bakin ƙofa in gudu, don ba na iya kallonta tana koyon cin tuwo da cokali a hannun hagu. Sau uku ƙafata tana kai ni layin masu kayan wuta ina juyawa. A na huɗu dattijon nan ya hango ni ya ƙwala mini kira, ya tambaye ni yaya walimar Hajiya. Ban san lokacin da na zauna a kan bencinsa na kwashe komai na gaya masa ba, har da zirr ɗin azahar. Bai ce ai ya gaya mini ba. Ya sa aka kawo mini ruwa, sannan ya ce shi ba hannunsa ne ya lalace ba, in tashi in kai maganar inda take da mai ita.

Na samu Yaya a ɗakinta tana nuna wa babbar 'yarta yadda ake jan zare, da baki take koyar da ita tunda hannu ya ƙi. Ta sallami yarinyar, na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ina yi ina kuka kamar ba magidanci ba. Da na gama ta ce ta sani. Ta ce ran nan da azahar tana kicin tana yanka albasa, ta hango ni ta taga na fizge hannu na sa yatsa a baki, ta ɗauka waya ce ta soke ni, har ta yi dariya. Sai da ta kwanta a gadon asibiti ta gane abin da ta gani. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ce ita ta goye ni, ba za ta tona mini asiri ba, amma ta yi ta jira ta ga ko ƙanen da ta raina zai zo da ƙafarsa. Ta ce maganar hannu ta yafe tuntuni, abin da ya fi yi mata ciwo shi ne yadda na bar tsohuwa tana ɗauke da kayan da ba nata ba. Ta ce in tashi yanzu in je wurin Inna, kada in tsaya ko shan ruwa.

Inna ta saurare ni har ƙarshe ba ta katse ni ba. Na yi zaton za ta yi faɗa ko ta yi kuka, sai kawai ta tambaye ni, wato ke nan ba dukanta ne ya kashe yatsun ba? Na ce likita ma ya faɗa, ƙuna ce, dukan nan shi ya ceci ran Yaya, kuma jan lokaci ni na roƙa. Ta daɗe tana kallon hannuwanta. Sannan ta ce Allah ya shirye ni, in miƙo mata allonta a bayan gado. Ta goge shi da gefen mayafinta. Sati biyu ta yi ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya, kuma na san na cancanci abin da ya fi haka, amma ranar Asabar ɗin da ta biyo na ga ta ɗauki jakarta ta nufi makaranta.

Shi ya sa na rubuto, don na san irina suna da yawa, masu sha'awar ƙawata ƙofar gida da wurin biki. Sha'awar ba laifi ba ce, amma ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ɗan'uwa, kada ka naɗa fitilar da ke shan wuta kai tsaye a jikin ƙarfen da mutane za su dafa, nemi masu ƙaramin ƙarfi. Kada ka ɗaure wayar wuta da wayar ƙarfe, kada ka rufe haɗi da salatif ɗin takarda, kuma ka sa na'urar nan mai yanke wuta ko da za ka rage yawan fitilun. Ka tuna taronmu ba takalmi ake zama ba, kuma inda za a yi salla sai an zubar da ruwa. Idan aikin ya fi ƙarfinka kira mai sana'ar, ba a taɓa mutuwa don an ce ban iya ba. Idan wuta ta kama mutum kada ka kai hannu, kashe ta daga tushe, ko ka ture shi da busasshen itace. Sama da duka, idan ƙarfe ya ɗan ja ka, komai ƙanƙantar jan, kashe komai ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Gara a ce bikinka ya yi duhu.

Yau Yaya turaren wuta take haɗawa da hannun hagu, 'yarta kuma ta fara fitar da hula. Ni na hana kowa kirana Injiniya. Ranar da na je neman gafara, har na kai bakin ƙofa Yaya ta kira ni, ta jawo wani ƙulli a ƙarƙashin filo ta miƙo mini, ta ce ga tukwicina, ai ta yi alkawari. Shuɗiyar hular nan ce, an ɗinke rabi, rabi fari fat, allurar tana soke a daidai inda ta tsaya da safiyar walima. 'Yarta ta sha cewa in kawo ta ƙarasa mini, na ce a'a. Tana cikin akwatin da nake ajiye filaya da testa, duk ranar da hannuna ya fara ƙaiƙayin taɓa waya, ita nake fara cin karo da ita.